SARƘA MAI HAƘORA A WUYAN KARE: HORO NE KO AZABA?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobi, ya sanya su amana a hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wanda duk ya bi ta Unguwar Boro da ke kudancin kogin Kaduna, a gefen Sabon Tasha cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, zai lura gidaje da yawa ba su rasa kare a bayan ƙyaure. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Sace-sacen mutane da suka addabi yankin Chikun, musamman a shekarar 2021, sun sa Musulmi da Kirista duka kowa ya shiga neman abin da zai farkar da shi cikin dare. Waɗansu ba su tsaya ga karen gida da aka saba da shi ba, sai suka sayo manyan karnukan ƙetare, irin su Alseshiyan da Rotwaila na Jamus, da Borbul na Afirka ta Kudu. Namijin Rotwaila kuwa yakan kai nauyin kilo 50. In aka fito da irin wannan kare da maraice domin ya miƙe ƙafa, sau da yawa sai a ga shi ne ke jan mai shi, ba mai shi ke jansa ba.

Maganin da masu sayar da kayan karnuka kan nuna wa mutum shi ne wata sarƙar wuya mai haƙora. An ƙera ta ne da ƙarfe, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana da haƙora biyu masu dakusasshen baki da suka juya ciki, suna kallon fatar wuyan dabba. Muddin igiya na sake, haƙoran suna kwance. Da zarar kare ya fizga, ko mai shi ya fizgo, sai sarƙar ta tsuke, haƙoran su matse wuyan ta kowane gefe a lokaci guda. Ba a daɗewa kare ke daina ja. To, abin tambaya ga Musulmi shi ne: wannan horo ne da shari'a ta yarda da shi, ko kuwa azaba ce da za a tambayi mai yin ta ranar gobe?

Kafin a kai nan, ya kamata a share wata ƙaya tukuna, domin wani zai ce ai ajiye karen ma tun farko bai halatta ba. Gaskiya ne hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai fa karen farauta, ko na kiwo, ko na gona. A kan haka Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya tafi a cikin Risala. Amma masu sharhin Risala sun kawo labari cewa shi kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsoro ya yi yawa, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik kuwa, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da abin da ya fi kare ma zai ajiye. Saboda haka malamai da yawa suka ƙiyasta tsaron gida a kan tsaron gona da garke. Wanda ya ajiye kare domin tsaro na gaskiya yana da madogara. Wanda ya ajiye domin ado da alfahari ba shi da ita. Amma su biyun duka, da zarar dabba ta shiga hannunsu, haƙƙinta ya hau wuyansu, gama rashin halaccin ajiyewa ba ya halatta cutarwa.

Masu goyon bayan sarƙar nan suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Na farko, suna cewa kare mai ƙarfi in ya ƙwace a titi mai cike da yara da 'yan acaɓa, ɓarnar da zai yi ta fi ƙaramin zafin da zai ji a wuya. Wannan magana tana da nauyi a shari'a, domin Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya ɗora lamuni a kan wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗe shi. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Na biyu, suna cewa karen da ke ja da abin wuya na fata yana shaƙe kansa ne tun daga ƙofar gida har a dawo, alhali mai haƙoran yana sa shi ya bari cikin kwana kaɗan. Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi ga kunnen Bahaushe, suna cewa ai ga linzami a bakin doki, ga ƙaimi a ƙafar mahayi, ga igiya a hancin san noma, ba kuwa malamin da ya taɓa haramta hawan salla ko huɗa saboda su.

Haka ne, malaman fiƙihu sun halatta ladabtar da dabba. Sai dai ba su bar ƙofar a buɗe ba, sun kafa mata sharuɗɗa. Dole ne ya zama akwai bukata ta gaskiya, dole ne a tsaya iyakar bukatar, kuma ba a tsallakawa zuwa hanya mai tsanani matuƙar mai sauƙi za ta biya. Wannan ƙa'ida ce sananniya, cewa abin da lalura ta halatta ana auna shi ne da gwargwadon lalurar. Izzuddin Ibn Abdissalam, wanda ya rasu a Misira a shekarar 660 ta Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, daga ciyarwa har zuwa hana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Linzamin ma da ake kafa hujja da shi, mahayin da ya fizge shi har bakin doki ya yi jini domin 'yan kallo su yi sowa, ba hawan salla ne ya wanke shi ba. Ashe ke nan linzami bai zama hujja ga kowane ƙarfe ba, sai dai ya mai da magana ga tambayoyi biyu: akwai zafi a cikin abin? In akwai, an rasa wata hanya ne?

Tambaya ta farko ba ta da wuyar amsawa. Waɗansu masu sayarwa kan ce sarƙar ba ta da zafi, tunatarwa ce kurum, kamar yadda karya kan kama ɗanta a wuya. Amma mai hankali ya duba: kare mai kilo 50 da ya hango akuya, wanda igiya ba ta tsai da shi ba, kira bai tsai da shi ba, me zai tsai da shi nan take in ba abin da ya ji a jikinsa ba? Da sarƙar ba ta da zafi da ba ta yi aiki ba. Aikinta shi ne zafin, sa'an nan tsoron dawowar zafin. Wurin da take matsa kuwa shi ne wuya, inda maƙogwaro yake, da jijiyoyin da ke kai jini kwanya. Rashin ganin jini a fata ba shaidar rashin cuta ba ne, kamar yadda mari ba ya fid da jini amma ba wanda ke kiransa gaisuwa.

A nan akwai hadisin da ya cancanci a tsaya kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir Al'ansari cewa a cikin wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki manzo ya sanar a tsinke duk wata tsirkiyar baka da aka rataya a wuyan raƙumi. Malamai sun saɓa game da dalilin hanin. Imamu Malik ya ce saboda mutane suna rataya ta ne domin maganin kambun baka. Amma Ibn Hajar a cikin Fathul Bari ya kawo wani ra'ayi da aka jingina wa Muhammad Ibn Alhasan, almajirin Abu Hanifa, cewa an hana ne domin kada tsirkiyar ta shaƙe dabba lokacin gudu, ya kuma nuna cewa maganar Abu Ubaid tana ƙarfafa wannan. Ba za a ce hadisin nassi ne a kan sarƙar kare ba, tun da fassarar Malik ta nufi wani wuri dabam. Abin lura dai shi ne, tun ƙarni na biyu na Hijira manyan malamai sun ɗauki matse wuyan dabba a matsayin dalilin da ya isa a gina hani a kansa.

Saura tambaya ta biyu, wadda ita ce ke yanke hukunci. Kare ba don taurin kai yake ja ba. Tafiyarsa ta fi ta mutum sauri, hancinsa yana kiransa gaba, kuma ya koya tun yana ƙarami cewa duk lokacin da ya ja, yakan isa inda yake so. Ga shi a gidaje da yawa yakan wuni ɗaure a keji cikin zafin rana, ba ya ganin waje sai sau ɗaya a mako. Dabbar da aka yi wa haka in ta fito ba ta fizga ba, ai sai a ce ba ta da lafiya. Maganin abin sananne ne ga masu horon karnuka. In ya ja, sai mai shi ya tsaya cik, kada ya ƙara taku sai igiya ta sake. In ya dawo gefensa, sai ya ba shi ɗan guntun nama ko kifi, ya yaba masa. Akwai kuma ɗamarar ƙirji wadda ake ɗaura igiya ta gabanta, in kare ya ja sai ta juyo da shi gefe ba tare da ta taɓa maƙogwaro ba, da wata mai kama da ragamar doki. Ga takunkumin baki domin karen da ake tsoron cizonsa, wanda ya fi kowace sarƙa kare yaran unguwa.

Wannan hanya ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2020 masu bincike a birnin Porto na ƙasar Fotugal sun wallafa nazarin da suka yi a kan karnuka 92 daga makarantun horo 7. Sun tarar waɗanda aka hora da tsanani sun fi nuna alamun firgita, kuma sinadarin da jiki kan fitar lokacin damuwa ya fi hauhawa a yawunsu, in aka gwada da waɗanda aka hora da lada. Ƙasar Jamus kuwa, inda ake ƙera mafi shaharar irin wannan sarƙa, ta hana amfani da ita wajen horon kare tun daga 1 ga Janairu, 2022. Ba kuma lalle sai an je Turai ba. Mafarautan ƙasar Hausa sukan saki karnukansu cikin daji su yi nisa, a kira su da murya ko fito su dawo. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da ta halatta abin da karen farauta ya kama, ta rataya halaccin ne a kan koyarwa, ta kuma bayyana koyarwar nan a matsayin wani yanki na ilmin da Allah ya ba mutum.

Abin da hanyar lada ke ci shi ne lokaci da haƙuri, mako da makonni. Abin da sarƙa mai haƙora ke sayarwa kuwa shi ne gajerta wannan lokaci. To, gaggawar mai gida ba lalura ba ce a shari'a. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda ya sayo ɗan kwikwiyo ya ƙyale shi wata goma ba koyarwa, sa'an nan ya zo yana biyan bashin sakacinsa da wuyan dabbar, ya ɗora wa wani laifin da yake nasa.

Saboda haka abin da ya fi kusa da ƙa'idojin shari'a shi ne, mai da sarƙar nan abin yawon kullum bai halatta ba, domin cutarwa ce da ake da hanyar kauce mata. Barin ta a wuyan kare yana ɗaure a turke, ko fizgar ta cikin fushi, ko danƙa ta hannun yaro, waɗannan zalunci ne da ba shakka a cikinsa. Abin da ya rage sai hali guda mai ƙunci: babban kare mai haɗari da ya zama dole a fitar da shi yau, misali zuwa wurin likitan dabbobi domin allurar rigakafi, ba a kuma sami wani abin riƙe shi ba. A nan tsare jinin mutane shi ne gaba, sai a yi gwargwadon bukata a cire. Wanda kuwa ya ga kullum halinsa ke nan, to ya san ya ajiye dabbar da ta fi ƙarfinsa. Abin da ya kamace shi shi ne ya nemi wanda zai koya masa, ko ya miƙa ta ga wanda zai iya.

Dabba ba ta da bakin kai ƙara gaban mai unguwa, amma tana da mai bi mata haƙƙi. Ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, an kuma gafarta wa wani mutum saboda karen da ya shayar a bakin rijiya. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani raƙumi ya zub da hawaye a gaban Manzon Allah, sai ya kira mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Karen da ya kwana bai runtsa ba domin iyalin gida su yi barci, ya cancanci a saka masa da abin da ya fi ƙarfe a maƙogwaro. Duk mai riƙe da igiya da maraice ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi abin da ke ɗaya bakin igiyar.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya sanya tausayi a zukatan bayinsa, ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya, amin.