Kafin Wuƙa Ta Hau Wuya

Kafin Tarayyar Turai ta haramta tsohon kejin kaji masu ƙwai a 2012, filin da doka ta ware wa kowace kaza bai kai faɗin takardar A4 ba. A nan take ci, ta sha, ta yi ƙwai, ba damar miƙe fiffike, ba damar tona ƙasa. Kajin nama kuwa cikin mako shida sun isa yanka, wasu ƙirji ya yi musu nauyin da ƙafa ba ta iya ɗauka. Irin wannan kiwo ya iso gonakin kaji na kewayen Kano da Kaduna, amma abin da mai saye ke tambaya kawai shi ne ko an yanka da bisimilla.

Wannan tambaya ba ta wadatar ba. Addinin da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙa don rage wa dabba azabar ɗan lokaci ba zai kau da kai daga ƙuncin shekara guda ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci sananne ne. Za a ce ai kajin keji ana ba su abinci. Haka ne, sai dai wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin dukan buƙatunta, kuma duk wanda ya ga kaza tana birgima a toka ko tana neman lungun da za ta yi ƙwai ya san buƙatarta ta wuce ciki.

Masu ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, waɗanda Donald Watson ya kafa wa ƙungiya a Ingila a 1944, sun yi gaskiya da suka ce dabba na jin zafi, kuma zafin abin tuhuma ne. Inda suka zarce shi ne haɗa keji da garke a hukunci ɗaya. A arewacin Tahoua akwai ƙasar da gero ba ya yi, ciyawa kaɗai ke tsirowa, kuma saniya da raƙumi ne ke mayar da ita nonon da mutane ke rayuwa a kai. A ƙasar noma ma, shanu na cin kara da harawa su bar taki a gona. Hana wannan kiwo yunwa zai jawo wa makiyayi.

Kiwon gargajiya ma yana da nasa laifi: shanun da ake cusawa a tirela daga Potiskum zuwa Legas, da kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataye a babur kai a ƙasa. Hujja mafi ƙarfi ta masu keji ita ce araha, domin ƙwai mai sauƙin kuɗi shi ke kaiwa bakin yaron talaka. Ba a raina wannan hujja. Amma ƙarin fili, da sandar hawa, da ƙasar tono ba su hana kaza yin ƙwai. Turai ta tilasta su fiye da shekara goma, kuma ƙwai bai yanke a kasuwanninta ba.