Zazzaɓin Muhajirai da Haƙƙin Baƙo

Malaman sira sun ruwaito cewa sa'ad da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, zazzaɓin garin ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, har ya zamana Bilal, in jikin ya ɗan sassauta masa, sai ya dinga ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda tsananin bege. Da Nana A'isha ta kai labari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haɗa buƙata biyu cikin addu'a guda, wato a sanya musu ƙaunar Madina, a kuma ɗauke annobarta. Ya kuma ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, har suka riƙa gādon juna kafin a shafe hukuncin.

A ganina hikimar haɗa ƙauna da lafiya a fili take, domin baƙon da ake ƙyama, wanda yake tsoron buɗe baki a asibiti kada harshensa ya tona asalinsa, yakan ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa, alhali zullumin kansa ya isa ya hana shi barci, ya rame.

Dubi Hausawan Sudan, jikokin alhazan ƙafa da na waɗanda suka nufi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun noma audugar Jazira, sun binne kakanninsu a can, amma a 2022, kan gardamar ƙasa da sarauta a jihar Blue Nile, aka ce musu baƙi, aka zubar da jini, dubbai suka bar gidajensu zuwa sansanonin da magani ya yi ƙaranci.