Shin Dole Ne Ubangidana Ya San Ciwona?

A Kano, idan aka ce wa mutum "sai an kai ka Dawanau", ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Sunan garin da ke da asibitin masu taɓin hankali ya zama abin zolaya, shi ya sa wanda ke zuwa can karɓar magani yakan yi fatan kada ya haɗu da idon sani. To, idan irin wannan mutumin ya samu aiki, wajibi ne ya faɗa wa ubangidansa?

Tambayar ba ta mutane ƙalilan ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko fargaba. Mafi yawansu ba sa yawo a bola, da yawa ma suna wuraren aikinsu.

A takarda, doka tana bayan mai lalurar. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna masa bambanci a wurin aiki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. Amma a ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoda, ubangida ba kamfani ba ne. Shi ne Alhajin da ya ba ka shagon POS, ko kawun da ya damƙa maka mota, ko mai makarantar kuɗin da kuke sallar Juma'a tare. Babu takardar ɗaukar aiki, balle a je kotu. Ga garuruwan a jere, gona tana taɓa gona. Maganar da aka yi da safe, kafin la'asar ta kai gidan surukai. Abin da mutum zai rasa ya wuce albashi, yana iya haɗawa da auren ƙanwarsa.

Masu cewa a faɗa suna da hujja mai ƙarfi: aiki amana ne, kuma addini ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki. Sai dai ma'aikaci ba haja ba ne. Abin da ubangida ya biya shi ne aikin, ba tarihin jikin mai yin sa ba. Mai hawan jini ko gyambon ciki ba ya jin ya ci amana don bai sanar ba. Me ya sa za a ɗora wa mai ciwon damuwa abin da ba a ɗora musu ba?

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai wata ƙa'ida: kowa a buɗe masa iya bayanin da aikinsa ke buƙata, kada a ƙara. Mai karɓar kuɗi a asibiti yana ganin lissafi, amma ba ya ganin abin da likita ya rubuta. Ina ganin ma'aunin nan ya dace da tambayarmu. Haƙƙin ubangida ya tsaya ne a kan abin da ciwon ke yi wa aikin. Sunan ciwon kuwa na mai shi ne.

Malamar da ke ganin likita sau ɗaya a wata tana iya cewa, "Ranka ya daɗe, ina da ganin likita duk wata, ina neman izinin ranar." Gaskiya ta faɗa, kuma ta isa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma direban da ke ɗaukar fasinja a hanyar Kano zuwa Daura, wanda sabon maganinsa ke sa shi gyangyaɗi, shirunsa ya taɓa rayukan wasu. Shi dole ne ya koma wurin likita, ya kuma gaya wa mai motar cewa ba zai iya tuƙi ba a yanzu, ko da hakan zai sa a karɓe makullin. Akwai kuma iyaka ɗaya ga kowa: shiru daban, ƙarya daban. Idan an tambaye ka ko za ka iya aikin, alhali ka san ba za ka iya ba, cewa "zan iya" yaudara ce.

Nauyi mafi girma yana kan mai ji. Mutane suna ɓoyewa ne saboda sun ga yadda aka yi da waɗanda suka faɗa. Wasu ma sukan daina zuwa asibiti don gudun a gan su, har ciwon da magani ya kwantar ya sake tashi. Ubangidan da ya kori yaronsa don ya faɗi gaskiya ya koya wa sauran yaransa yin shiru, har da direban da shirunsa ke da haɗari. Idan yaronka ya zo ya ce maka yana shan maganin Dawanau, amana ya kawo maka. Ka tambaye shi abin da zai sauƙaƙa masa aikin, maganar kuma ta tsaya a tsakaninku.