«Ba ruwana»

A ajinmu na ilimin harshe, can a Yamai, malaminmu ya taɓa sa mu tattara maganganun Hausa masu ɗauke da kalmar ruwa. Na rubuta «ruwan dare», «ruwan ido», «cin ruwa», sai na zo kan «ba ruwana» na tsaya. Bahaushe in zai zare hannunsa daga wani al'amari, da ruwa yake zarewa. Maƙwabtanmu Abzinawa kuwa cewa suke «aman iman», ruwa shi ne rai. Ni ɗan Agadas ne, da maganganun biyu na tashi.

Da hutun bara na bi ta koren Telwa, na tarar da wani yaro yana juye baron shara a tsakiyar yashi: leda, batura, mushen akuya. Ban ce masa uffan ba. A raina na ce aikin magajin gari ne. Amma koren nan ba hanya ba ce kawai. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin da damina nutsewa yake cikin yashin, shi ne kuma ke cika rijiyoyin garake tun daga Dabaga har bakin gari. A ƙasar da ruwan samanta bai cika kai milimita 200 a shekara ba, abin da aka binne a yashi da rani shi ake ja da guga bayan damina.

To, shiruna laifi ne? Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Yaron aiko shi aka yi, gidansu ba su da inda za su zuba. Kuma me baro ɗaya zai yi in an gwada shi da Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom tun 1971, inda rahoton Greenpeace na 2010 ya nuna rijiyoyin da ruwansu ya wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya? Gaskiya ne. Sai dai na lura girman laifin manya ya zama mana matashin kai. Kamfani ya fi ƙarfina. Baron yaro bai fi ba.

Kakata ta ce a zamaninsu yasar rijiya gayya ake yi, wanda bai shiga rami ba ya ja igiya. Da famfo ya zo, ruwa ya koma takardar da ake biya ƙarshen wata, wanda ya biya kuma yana ganin ya sauke nauyi. Ko harshenmu ya nuna: «rijiyarmu» muke cewa, amma «ruwan gwamnati».

Washegari na koma tare da abokaina biyu, muka kwashe abin da muka iya. Kwana uku bayan haka an sake zubawa. Wannan karon na bi yaron har ƙofar gidansu, na yi sallama, na ce: «Inna, ina kuke so a riƙa kai sharar nan?» Ta dube ni ta ce: «Kai ɗana, ina ruwanka?»