Magana ga Ɗalibi Mai-Nauyin Zuciya

Ya kai ɗan'uwa, kai da ka bar Kajiji, ko Shagari, ko Bodinga, ka tafi Sakkwato neman ilimi, wannan magana taka ce.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ta karɓi 'ya'yan manoma da yawa irinka. Mai-koyon aikin likita ya kan yi shekara shida a can, kāna ya ƙara shekara guda cikin asibiti a ƙarƙashin manyansa. Wani lokaci kuwa shekarun su kan ƙaru ba da laifinsa ba: a 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki wata takwas, ɗalibai suka zauna gida. Ga kuɗin makaranta, ga jarrabawa, ga dangi sun zuba ido. In kuwa sabon mai-bi ne kai, watakila waɗanda su ke taimakonka dā sun janye hannu.

Kada ka ce kai kaɗai ne. A 2016 waɗansu likitoci a Amurka suka tattara binciken da aka yi cikin ƙasashe fiye da 40. Suka iske fiye da ɗaya cikin huɗu na masu-koyon likitanci suna da alamun ciwon baƙin ciki, amma masu-neman magani a cikinsu ba su kai ɗaya cikin shida ba. Sauran suka yi shiru.

Me ya sa su shiru? Kunya ce. Mai-bi kuma ya kan ƙara wata kunya a kai, gama yana tsammani damuwa alamar ƙarancin bangaskiya ce. Ba haka ba ne. Ka tuna da annabi Iliya cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyad da shi har sau biyu, daga baya ne ya yi magana da shi.

Saboda haka ka riƙe abu uku.

Na fari, ka ba jikinka hakkinsa. Wanda ya kwana bisa littafi yana shan kofi da goro, da safe ya kan iske rabin karatun ya zube, gama cikin barci ne ƙwaƙwalwa ta ke ajiye abin da ta koya.

Na biyu, ka yi aikin yini guda kaɗai. Manomi ba ya tone gero ya duba ko ya tsiro. Nasa shi ne shuka da noma, ruwa na Allah ne.

Na uku, ka buɗe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka faɗa wa fasto ko aboki mai-aminci. In barci da abinci sun gagare ka har mako biyu, ko kuwa tunanin kashe kai ya zo maka, kada ka jira: ka ga likita yau. Akwai asibitin Tarayya a Kware domin wannan, zuwansa kuwa ba zunubi ba ne.

Daga ƙarshe, ka sani ba takardar jarrabawa ce ta ke auna darajarka ba. Almasihu ya fanshe ka tun ba ka ci ko ɗaya ba. In ka ci, ka gode. In ka fāɗi, ka tashi ka sāke. Wadar zuci daga nan ta ke fitowa.

Allah shi ba ka hutawa. Amin.