Kyautar Attajiri da Mudun Gero

Ya ɗan'uwa, a shekara ta 2000 Paul Allen, attajirin kwamfuta na Amurka, ya buɗe babban gidan adana kayan kiɗa a birnin Siyatil. Ko wannan alheri ne, alhali kuwa ga mayunwata? Hakika irin gidan nan yana da amfani. Yaron Kazaure da ya shiga Gidan Makama a Kano yakan ga aikin hannun mutanen dā, ya ƙaru. Amma sai mai bayarwa ya binciki zuciyarsa: amfanin jama'a ya ke nema, ko yabonsu? Kai ma haka. Mudun geron da ka kai wa gwauruwa a Roni da dare, ba wanda ya gani, bai ɓace wa Allah ba.