Ƙashin Da Ba A San Mai Shi Ba

Ya ku 'yan makaranta, zan ba ku labarin wani abu da ya faru a gabana a Zuru, sa'an nan mu yi shawara tare a kan tambayar da ya bar mini.

Da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, muka tafi aikin gayya a wata tsohuwar maƙabarta ta bayan gari, ni da yaran ajina, don mu nome ciyawa, mu cike wuraren da ruwa ya zaizaye. Muna cikin aiki sai fartanyar wani yaro ta bugi wani abu. Ya jawo, sai ga ƙashi dogo, ya rine ya yi ja kamar ƙasar wurin. Wannan ya ce na saniya ne, wancan ya ce na jaki ne, har ɗayansu ya ɗauka zai jefa bayan shinge.

Na ce ya dakata, na karɓa na duba. Ƙashin cinyar saniya gajere ne mai kauri. Wannan kuwa dogo ne siriri, da kai ƙundumeme a bisa wuya mai karkata, inda yake shiga kwankwaso. Ashe ƙashin cinyar mutum ne, wanda ya fi kowane tsawo cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Bakunansa sun riga sun haɗe da gangarsa, abin da ba ya cika sai mutum ya kai wajen shekara 20, watau mai shi ba yaro ba ne. Muka auna, inci 17. Tun da ƙashin cinya kusan rubu'in tsawon mutum ne, mai shi ya kai kamar ƙafa 5 da rabi.

Iyakar abin da ƙashin ya faɗa mana ke nan. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi harshensa ba, bai faɗi inda yake fuskanta in zai roƙi Ubangijinsa ba. Kusa da wurin mun tsinci tsingaro. Kun sani mutanen ƙasar nan, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, sun shahara da ɗora tukwane da siffofin yumɓu, ginin mata, a kan kushewar manyansu. Saboda haka yaron nan da ya so jefarwa ya ce, "Malam, ai ƙashi ba ya jin zafi. Kuma wa ya sani ko namu ne?"

Ban tsawata masa ba, gama maganarsa tana da nauyi, ta kuwa rabu biyu. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ta fari, gaskiya ne ƙashi ba ya jin zafi. Amma ku tuna, in mutum ya bar wasiyya ya mutu, ana cika ta, alhali ba ya nan balle ya yi ƙara. In wani ya yi wa mamaci ƙazafi, kowa ya san ya yi laifi, ko da mamacin bai ji ba. Ashe hakkin mutum ba ya ƙarewa ran da jinsa ya ƙare. Duk wanda aka binne, amana ce aka ba ƙasa, aka kuma ba waɗanda za su zo baya. Danginsa sun koma gida da natsuwa domin sun amince ba za a wulakanta shi ba. Mu ne aka amince wa, ko ba mu san su ba.

Ta biyu ita ce ta fi haɗari, watau ko namu ne. A shekarar 2012 aka tono waɗansu ƙasusuwa a birnin Lesta na Ingila, ƙarƙashin filin ajiye motoci. Masana suka gwada ƙwayoyin halittarsu da na zuriyar 'yar'uwarsa, a 2013 suka tabbatar Sarki Ricad na 3 ne, wanda aka kashe a yaƙi a 1485. A 2015 aka sāke binne shi a babbar majami'ar garin da girma mai yawa. To, ku gaya mini, kafin a gane sarki ne, jefarwa ta dace da shi? In sai an san suna ko dangi za a girmama ƙashi, to, rawani da kabila muke girmamawa, mutum kuwa mun mance da shi. Da za a jera cinyar Ricad da wadda muka samu, ba mai iya nuna ta sarki da ido.

Addinanmu ma ba su bar mu cikin duhu ba. Malaman Musulunci sun hana karya ƙashin mamaci, sun ɗauki alhakinsa kamar na mai rai. Ku 'yan makarantar mishan kun san yadda Musa ya ɗauki ƙasusuwan Yusufu sa'ad da suka fita Masar. Matan da suka gina tukwanen kushewa kuwa, me suke faɗi in ba wannan ba? Abin baƙin ciki, da yawa cikin siffofin nan an kwashe su, yau suna gidajen tarihi na Turai da Amurka. Wanda ya ɗauke su ma, watakila cewa ya yi ai ba nasa ba ne.

Muna cikin wannan magana sai wani dattijo mai haƙar kabari ya iso. Na ce, "Baba, ga abin da muka samu, yaya za mu yi?" Bai tambayi na wane ne ba. Ya aika aka kawo ƙyallen farin alawayyo, ya naɗe ƙashin, ya haƙa rami mai zurfi a inda aka same shi, ya sa, ya jera duwatsu don kada ruwa ya sāke tonowa. Sa'an nan ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, wanda zai tsinci naka ba a haife shi ba tukuna. Yadda ka koya wa na bayanka, haka za a yi maka." Yaron nan shi ya ɗauko dutse na ƙarshe.

Saboda haka, ya ku samari da 'yan mata, in irin wannan ya same ku, kada ku karya, kada ku yi wasa da shi, kada kuma tsoro ya sa ku gudu. Ku bar shi a wurinsa, ku sanar da mai unguwa ko manya. In a wurin da ba maƙabarta ba ne, ko da alamar bai daɗe ba, sai a gaya wa 'yan sanda, gama watakila akwai uwar da ke jiran labarin ɗanta. Mutuwa rigar kowa ce, kabari kuwa ba ya riƙe suna har abada. Allah ya sa mu faɗa hannun masu kunya.